Gahawar da na kai wa Yaya

Yayata ta ɓoye ƙullutu a nononta na hagu har wata tara, kuma bakina ne ya jawo. Da wannan na fara don kada a ji ina ta zancen ruwa da tsuntsaye a zaci hirar nishaɗi ce. Ni dai haka kaina yake. Idan na tuna shekarar nan, ba asibiti ne ke fara zuwar mini ba, ƙamshi ne, sai kuma ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji.

Ƙamshin daga gidan maƙwabciyata yake tasowa. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, 'yar Filato, Kirista, ta daɗe a Haɗejiya har ta fi ni sanin wanda ke da kifi mai kyau a kasuwa. Kowa a layinmu Sista yake ce mata, har liman. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, in na yi ɗage ina ganin igiyar shanyarta. Da sassafe, ina shirin tafiya makarantar 'yan mata inda nake koyarwa, sai wani ƙamshi ya ƙetaro, kamar ana suyar gyaɗa amma ya fi nauyi, ya shiga ɗaki ya zauna a labule. Gahawa ce. 'Yan'uwanta ke aiko mata da ɗanyun 'ya'yan daga gida, ta soya a kasko, ta daka a ɗan turmi, ta dafa ta sha ba sukari ba madara, tana sauraren rediyo.

A lokacin shekarata arba'in da bakwai, jikina ya fara yi mini wasan da ban saba ba. Al'ada ta zo wata biyu, ta yi tafiyarta wata uku ba sallama. Ina tsaye gaban allo sai zafi ya taso mini daga ƙirji ya hau wuya, in jiƙe sharkaf, ɗalibai na kallona ina fifita da littafin darasi. Ga saurin fushi, ko da yake wannan ba zan ɗora wa shekaru ba, da shi aka haife ni. Aka kuma gwada jinina aka ce suga na neman hawa, in rabu da lemon kwalba da shayina mai sukari cokali uku.

Wata safiyar Asabar na leƙa ta katanga na ce, "Sista, wannan abin naki ko ki sam mini ko ki daina ƙona shi, ya hana ni sakat."

Ta yi dariya ta miƙo mini ta saman katangar. Na kurɓa, na ji kamar na tauna ɓawon maɗaci. Na ce mata wannan ai horo ne, me mutum ya yi wa kansa da zai sha shi kullum? Ta ce in zagayo in zauna.

A kan tabarmarta ta yi mini bayanin da na daɗe ina juya shi a raina. Ta ce, "Malama, akwai wani sinadari a jikinmu mata, likitoci na ce masa istrojin. Shi ke tafiyar da al'ada, shi ne yanzu yake janyewa daga jikinki, shi ya sa wannan zufar. Hanta ce ke sarrafa shi, ta fitar da wanda ya gama aiki. To abin nan da ke cikin gahawa mai kore barci, shi ma ta hanta yake bi, kusan ƙofa ɗaya suke shiga. Saboda haka yana iya taɓa yadda jiki ke juya sinadarin. A wata matar ya ɗan rage, a wata ya ɗan ƙara, ba a gama ganewa ba. An dai lura masu shan ta daidai wa daida, ba sukari, ba su cika kamuwa da ciwon suga da wasu cututtukan hanta da na mahaifa kamar sauran ba. Lura ce fa, ba alkawari ba. Ke ma da kike wannan zufar tana iya ƙara miki, in ta yi yawa kuma ta sa miki bugun zuciya. Ki sha ɗaya da safe, ki riƙa takawa da ƙafa, ki rage loma."

Na ce, "Na nono fa?"

Ta dube ni, don ta san me ya sa na tambaya. Ta ce, "Wannan maganar ba ta tsaya ba. Wasu sun ce akwai, wasu sun ce babu. Abin da ya tsaya shi ne mace ta riƙa taɓa jikinta, in ta ji wani abu ta je a duba tun yana ƙarami."

Duk ta faɗa, ba ta rage komai ba, Allah ne shaida. Ni ce na ɗauki mai daɗin na bar sauran a kan tabarma. Wayata kuma ta ƙarasa ni, don a kwanakin nan duk wanda ya sa farar riga ya yi magana a kan gahawa sai na saurare shi har ƙarshe, kuma su ba su san wani wai "ba a gama ganewa ba". Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutane, to ni na sa nawa a wuya ina yawo da shi ina alfahari.

Dalilin tambayata shi ne Innarmu. Ciwon nono ne ya ɗauke ta, wanda yanzu ake kira daji, ina da shekara shida. Ban tuna fuskarta sosai ba, sai dai sanyin tafin hannunta. Yaya na da goma sha tara a lokacin, ita ta yi jinyarta daga farko har ƙarshe, ita ta ga abin da ban gani ba. Bayan rasuwar ta ɗauke ni ta riƙe, ta sa ni makaranta alhali ita ba ta taɓa zama a aji ba. Har gobe Auta take ce mini, ko a gaban ɗalibaina ne. Kuma duk abin da na faɗa mata a kan jiki ko magani, ɗauka take kamar daga littafi na karanto, tunda ai don haka ta tura ni karatu.

Tana zaune a wani ƙauye bayan Auyo, a bakin fadama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna kudu wajen neman abinci. Sana'arta turara shinkafa. Manoma su kawo mata shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, ta jiƙa a duro ta kwana, ta tsane, ta ɗora a wuta ta turara, ta shanya a kan tamfol, sannan a kai inji a casa. Aiki ne na hayaƙi da ɗaukar nauyi, kuma ba ya jira. Shinkafar da aka jiƙa in ba a turara ta a kan lokaci ba, tsami take yi.

Da kakar shinkafa na je mata, da rabin kwano na 'ya'yan gahawa da na roƙa wajen Sista. Na hau acaɓa daga Auyo muka bi ta kan jinga, tudun ƙasar nan da ake tarawa don tare ruwa. Hagu da dama gonaki sun yi ruwan zinariya, ana yanka ana bugu, belbelu suna bin masu yankan a hankali kamar su ma an ɗauke su aiki. Ruwa ya janye ya bar 'yan tafkuna nan da can, kowanne da sararin samaniyarsa a ciki. Daga nesa na hango tururin duron Yaya yana tashi fari tsakanin goruba, ba ya sauri, iska ba ta taɓa shi. Na ji kamar ina komawa shekara goma, da 'yar jakata ta buhu, ina dawowa hutu.

Na same ta tana juya shinkafa da doguwar muciya. Bayan gaisuwa da shan ruwa na kwance ƙullina da ɗoki, na sa aka ba ni kasko. Na nuna mata yadda ake soyawa har 'ya'yan su yi baƙi su fara ƙara, yadda ake dakawa, yadda ake dafawa. Ƙamshin ya gauraya da na shinkafa mai zafi, wani irin ƙamshi da ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba. Ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Auta, me na yi miki?"

Na yi dariya na ce, "Yaya, ki daure. Wannan yana gyara sinadarin jikin mace. Yana tsare mu daga ciwon da ya ɗauki Inna."

Muciyar ta tsaya a hannunta. Na ga ta tsaya, wallahi na gani, amma na ɗauka ambaton Inna ne. Ba ta dube ni ba, tururi take kallo. Can ta ce, "Tsarewa yake ko warkarwa?"

Ni kuma lokacin zafin nan ya taso mini, ga hayaƙi, ga mai acaɓa na jira a ƙofar gida. Na ce, "Haba Yaya, duk ɗaya ne, ke dai ki sha kullum da safe."

Ashe kwana kaɗan kafin zuwana, tana wanka, ta ji wani abu a nononta kamar ƙwallon dabino. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana cikin tunanin yadda za ta yi sai ga ni da magani a ƙulli, ni da ta sa a makaranta. Magana zarar bunu ce. Na zare tawa na hau acaɓa na tafi, ina jin daɗi na yi wa 'yar'uwata alheri.

Watanni suka yi ta wucewa. Ni gahawar ta karɓe ni, na saba da ɗacin, na bar sukari, na fara takawa zuwa makaranta, awon jinina ya yi kyau. Ko gahawar ce, ko tafiyar, ko barin lemon, oho. Duk Juma'a nakan kira Yaya. Sai ta ce, "Ina nan ina shan maganinki." In yi dariya, na ɗauka tsokana ce. In ce, "Bai ƙare ba?" Ta ce, "Da saura." Rabin kwano fa. Ni malamar makaranta guda, ban taɓa zama na tambayi kaina yadda rabin kwano zai kai mace daga kaka har damina ba.

Da aka ba mu dogon hutu ruwa ya riga ya zo. Ya haye fadama, ya yanke hanya a wurare biyu, sai a kwalekwale ake shiga ƙauyensu. Na tafi da sassafe. Ba na mantawa da wannan fiton. Hazo-hazon ruwa ya kwanta a kan komai, ba ka sanin inda kogi ya ƙare sama ta fara. Mai fito yana tura gora a hankali, ba mai magana a cikin jirgin. Muka bi ta saman gonakin da na gani suna zinariya, yanzu kan shinkafa kaɗai ke leƙowa, kore shar, yana kwantawa in mun wuce ya sake miƙewa. Furannin bado sun buɗe farare. Goruba na tsaye cikin ruwa har ƙugu. Wani masunci ya wuce mu kwance a kan ƙaton goransa, yana tafiya ba motsi, kamar barci yake ruwan ke kai shi. Muka shiga wata siririyar hanya tsakanin kacala, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, sai garken kirinjijiya, agwagin ruwan nan, ya tashi gabanmu yana fito. Na sa hannu a ruwa, da ɗumi. Na tuna ina tunanin cewa in aka ce in zauna a jirgin nan har yamma ba zan ƙi ba. Raina kwance yake lumui, ban san me ke jirana ba.

Ruwa bai shiga gidan Yaya ba, ya tsaya a bayan danga. Na same ta ta rame kaɗan, na ce damina ce. Na ga da hannun dama kawai take ɗaga bokiti, na ce tsufa ne. Ta ce in zauna ta dafa mini irin nawa. Ta kawo baƙi ƙirin a kofin roba, na kurɓa, na ji wani ɗaci na daban, mai warin ganye, ba ƙamshi ko kaɗan.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ta nuna mini kasko. Wasu ƙananan 'ya'ya ne a ciki, masu sheƙi, an soya su sun yi baƙi. 'Ya'yan tafasa. Tafasar da ke fitowa a kowane juji, wadda muke kwaɗon ganyenta. Ta ce wanda na kawo bai kai wata biyu ba ya ƙare, kuma ta ji nauyin ta ce in sake roƙo wajen mutane. Sai ta tuna kakarmu takan soya 'ya'yan tafasa ta dafa ta sha da sanyi, ta ce ai ga shi nan iri ɗaya, baƙi ne, da ɗaci. Ta bi bayan gari ta tara busassu cike da tulu.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Yaya, kin kashe ni. Wata bakwai kina shan tafasa kina ce mini gahawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ɗauka ɗacin ne maganin."

Na ce, "Maganin me?"

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta kira ni. Ta saki labule, ta kwance zane daga ƙirji, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba tun da na girma. Ta kama hannuna ta ɗora. Ba ƙwallon dabino ba ne kuma. Ya kai ƙwan kaza, da tauri, ba ya motsi, fatar wurin ta ɗan lotsa.

Ta ce, "Ya ƙi narkewa, Auta. Ko don na canza iri ne?"

Na zauna a bakin gadonta. Muryata ta ranar kaka ta dawo mini tar, da gajiyar da ke cikinta, da isar da ke cikinta. Duk ɗaya ne. Ga mace a gabana tana tsammanin ita ce ta yi kuskure, don ta sauya iri.

Da yake ni ce, tsoron nawa faɗa ya koma. Na tashi na hau ta da masifa. Me ya sa ba ta faɗa ba, ita yarinya ce, ba ta da waya ne, so take ta mutu ta bar ni? Ta ƙyale ni na yi har na gaji, tana ɗaura zanenta a hankali. Na ce ta ɗauko mayafi, yanzu za mu bi jirgin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ba inda za ni. Inna ta je. Da ƙafarta ta shiga, suka yanke ta, ta dawo rabin mutum, sannan ta tafi. Ke ba ki gani ba." Ta gyara ɗankwali ta ƙara da cewa, "Kuma na jiƙa shinkafar mutane duro biyu."

Na fita na hau kan jinga, inda waya ta fi kamawa, na kira Sista. Na faɗa mata komai, har abin da na ce ranar kaka. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Malama, ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma wannan da kika kwatanta ba na jira ba ne. Zamanin Innarku daban, yanzu daban. Kada ki yi mata ihu. Ki kawo ta."

Na riga na yi ihun. Na koma na cire mayafi na ɗaura zane, na kama aikin shinkafa, tunda na san ba za ta bar ta ta yi tsami ba ko da sama za ta faɗo. Kwana biyu muna turarawa. Ni ke ɗaga duro, ni ke kwashewa, ita tana zaune tana ce mini wutar ta yi yawa, wutar ta yi kaɗan. Mu shanya, hadari ya taso, mu kwashe da gudu, ya wuce bai zubo ba, mu sake shanyawa. Tururi ya rufe tsakar gida, ina ganinta ta cikinsa kamar daga nesa, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya sai muryarta. Hannuwana suka yi kanta. Ban sake ambaton asibiti ba, sai sau ɗaya da na ce mata, ba tare da na dube ta ba, "Yaya, abin da na faɗa miki ba gaskiya ba ne. Ko ta ainihin ce ba ta warkarwa. Ban sani ba na yi kamar na sani." Ta ce in kula, gefen can yana kamawa.

A rana ta biyu da la'asar wata maƙwabciyarta ta shigo aron rariya. Ta gan ni ta washe baki ta ce, "A'a, mai magani ce da kanta. Malama, mu ma fa duk mun kama, mu biyar ne a layin nan, kullum da safe." Ashe Yaya ba ta yi rowa ba. Ta koya wa mata cewa ƙanwarta mai ilimi ta kawo abin da ke tsare nono. Na tsaya riƙe da muciya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na zaunar da matar na warware mata, na roƙe ta ta faɗa wa sauran, duk wadda ta ji wani abu a jikinta ta nufi asibiti. Ta fita tana kallona wani iri.

Bayan fitarta Yaya ta ce, kamar da kanta take magana, "In na mutu a ɗakin nan, garin nan kaf sun san maganinki nake sha." Ta tashi ta shiga ta fara ninke zannuwa a jaka. Ba don ranta ta yarda ba. Don kada a nuna ni da baki ne.

Da safe muka shiga jirgi. Ruwan nan dai shi ne, badon nan shi ne, tsuntsayen ma ina jin su ne. Yaya ta zauna a gaba ta ba ni baya, jakarta a cinya. Tana ta nuna gonaki da haɓa, tana faɗa wa mai fito ta wane ce wannan, ta wane ce waccan, duk da ba abin da ake gani sai ruwa. Da muka zo wani wuri mai faɗi ta ce a nan ta koya mini wanka ina ƙarama, lokacin tudu ne da rairayi. Na duba ban ga komai ba sai gajimare a ƙasa. Rana ta fito ta bugi ruwan, komai ya yi fari, har na daina ganin gaɓa ta kowane gefe. Na so tafiyar ta yi sauri, na kuma so kada ta ƙare.

Sista na jiranmu a ƙofar asibiti da lemarta. Ta gaida Yaya har ƙasa, ta riƙe mata jaka, ta san ƙofar da ake bi. Likitar da ta gan mu mace ce, sa'ar 'yata ta fari. Ta duba Yaya a bayan labule, ta fito ta wanke hannu, ta zauna ta ɗauki biro. Ta ce, "Mama, tun yaushe kika fara jin shi?"

Yaya ta ce, "Bai daɗe ba, 'yata. 'Yan kwanaki ne."

Likitar ta ɗago ta dube ta, ta dube ni. Na san me Yaya ke yi. Ta shimfiɗa zanenta ne ta rufe ni, kamar yadda ta saba tun ina shekara shida. Da na yi shiru da ya wuce, ba mai sani sai mu uku, ni da ita da Sista. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da za a rubuta a takardar nan da shi za a yi mata aiki.

Na ce, "Wata tara ne, likita."

Ta ce, "Wata tara. Me ya hana ku zuwa?"

Yaya ta yi caraf ta ce aiki ne ya yi mata yawa, ga ruwa ya yanke hanya. Na ce, "Ni ce. Na kai mata gahawa na ce mata tana warkarwa."

Likitar ta ce, "Aikin me kike yi, Hajiya?"

Na ce koyarwa. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta rubuta.

Aka tura mu Kano. Aka ɗebi nama aka gwada, daji ne. Suka cire nonon gaba ɗaya, suka bi da ƙarin ruwan magani na watanni, gashinta ya zube, ta koma kamar ba ita ba. Na taɓa tare wani likita a baranda na tambaye shi, da mun zo tun yana ƙarami fa? Ya ce da wataƙila ƙullutun kawai za a cire, amma ba wanda zai iya rantsewa. Wannan "wataƙila" ita nake kwana da ita nake tashi. Yaya tana nan da ranta, alhamdu lillahi, ana duba ta lokaci-lokaci, ba su ce ya tafi har abada ba, ba su ce ya dawo ba. Hannun hagun ba ya ɗaga nauyi, ta bar turara. Gahawa kuwa ban daina sha ba, ɗaya da safe, don ba ita ta yi laifi ba.

Bayan an sallame ta a gidana ta yi jinya. Ni ke yi mata wanka. Ran farko da aka cire bandeji na zaunar da ita a kujera 'yar tsugune, na zuba ruwan ɗumi a hankali ta kan tabon, dogo, daga tsakiyar ƙirji har hammata. Na jira ta faɗi maganar da ta cancanta ta faɗa, na ma shirya karɓa. Can ta ce, "Auta, akwai abin da ke damuna tun ranar nan."

Na ce, "Faɗi, Yaya."

Ta ce, "Da kin yi shiru a gaban yarinyar nan. Ban ji daɗin kallon da ta yi miki ba, ke da kike malama."

Na ce to. Na ɗebo wani ruwan na ce ta ɗaga hannu in wanke ƙasan.